Tambaya da Amsa: Yaranmu da Darasin Siffofi a Firamare

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duka uku daga Jos da kewayenta suka zo, kuma dukansu a kan darasin siffofi da aune-aune ne, wanda yake ɗaya daga cikin rassan lissafin firamare a manhajar da hukumar NERDC take tsarawa.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. 'Yata tana aji uku, kuma tun tana nazare ta haddace sunayen siffofi, da'ira da alwatika da murabba'i da sauransu. A jarrabawar zangon da ya wuce an zana musu murabba'i a tsaye a kan kusurwarsa ɗaya, sai ta rubuta cewa ba murabba'i ba ne, aka kuma ba su wata alwatika doguwa siririya, ita ma ta tsallake ta. Mahaifinta ya ce a nemo mata malamin lesin. Shin ƙwaƙwalwarta ce ba ta ja, ko kuwa wasa ne ya yi mata yawa? Daga wata uwa, Unguwar Rogo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, domin abin da kika bayyana ba alamar daƙiƙanci ba ne, ba kuma wasa ne ya jawo shi ba. Yarinyar ta riƙe abin da aka nuna mata ne daidai yadda aka nuna mata. Ki buɗe littafinta na lissafi ki duba, za ki tarar kusan ko'ina murabba'i yana zaune daram a kan gefensa na ƙasa, alwatika kuma gefunanta sun yi kusan daidai da juna, tsininta yana kallon sama kamar jinkar ɗaki. Yaron da ya daɗe yana ganin wannan zane kaɗai zai ɗauka cewa zaman da siffar ta yi yana cikin abin da ya sa aka ba ta sunanta, saboda haka da zarar an karkata ta sai ta zame masa baƙuwa.

Wasu malaman lissafi biyu 'yan ƙasar Holan, miji da mata, Pierre van Hiele da Dina van Hiele-Geldof, sun yi bayanin wannan al'amari a binciken digirinsu na uku a Jami'ar Utrecht a 1957. Sun nuna cewa fahimtar siffofi hawa-hawa ce. A hawan farko yaro yana gane siffa ne da kamanninta kawai. A na biyu yana gane ta da halayenta, wato yawan gefunanta da tsawonsu da yanayin kusurwoyinta. Sai a na uku ne yake fara ganin dangantakar da ke tsakanin wata siffa da wata, har ya yarda cewa kowane murabba'i yana cikin dangin siffofi masu fasalin ƙofa, tunda shi ma kusurwoyinsa huɗu duka masu digiri 90 ne. Abin da ya fi muhimmanci gare ki a cikin maganarsu shi ne cewa ƙarin shekaru kaɗai ba ya ɗaga yaro daga wani hawa zuwa wani, irin koyarwar da ya samu ce take ɗaga shi. 'Yarki tana hawan farko, tambayar jarrabawar kuwa ta hawa na biyu ce, kuma a ganina tambaya ce mai kyau wadda malamin ya cancanci yabo a kanta.

Maganin yana cikin gidanki. Ki samo kwalin taliya ko na sabulu, ki yanka murabba'i da almakashi a gabanta, ki ajiye a kan tabarma ki tambaye ta sunansa. Idan ta faɗa, ki ce ita da hannunta ta juya shi sannu a hankali har ya tsaya a kan kusurwa, sannan ki tambaye ta ko wani abu ya ragu daga jikinsa ko ya ƙaru. Kada ki gaya mata amsar, ko da kin ga ta yi jim. Ki karya mata tsinken tsintsiya daidai tsawon gefe ɗaya ta gwada shi a sauran ukun. Daga nan ki ninke takarda gida biyu, ki sake ninke ta yadda bakin ninkin farko zai hau kan kansa, kin sami kusurwa mai digiri 90 ke nan ba tare da kin sayi komai ba. Ki bar ta ta zaga da wannan takarda tana dangana ta a kusurwar ƙofa da taga da tayil da bangon littafi, tana ware waɗanda suka dace da waɗanda ba su dace ba.

Idan wannan ya zauna, ki yanka kwali siri-siri guda huɗu masu tsawo ɗaya, ki haɗa bakunansu da zare ko fil, ki ba ta ta danna kusurwa ɗaya. Za ta ga siffar ta lanƙwashe alhali gefunan suna nan daidai da juna, kuma a nan ne za ta gane cewa daidaiton gefuna kaɗai bai isa a kira abu murabba'i ba, sai kusurwoyin ma sun cika digiri 90. Ta cire guda ɗaya ta haɗa ukun da suka rage, ta sake dannawa: alwatika ba ta lanƙwashewa. Saboda wannan dalili ne kafinta yake ɗaure katakon rufin kwano alwatika-alwatika, kuma idan kuka wuce ginin da ba a rufe ba tukuna, ki nuna mata ta ƙirga su. Ki ba ta kuma tsinkaye uku masu santimita 3 da 4 da 10 ta yi ƙoƙarin haɗa alwatika da su. Ba za su haɗu ba, domin dole ne jimlar gajerun gefuna biyu ta wuce tsawon na ukun.

Game da malamin lesin, ki roƙi maigida ya ɗan dakata. Idan wanda za a kawo hadda zai ƙara mata, to hadda ba ita ce ta yi mata ƙaranci ba.

Tambaya: Malam, ɗana yana aji biyar, kuma baɗi muke fatan ya zauna jarrabawar shiga sakandaren Gwamnatin Tarayya da NECO take shiryawa. Ya haddace ƙa'idar neman kewaye da ta neman girman fili, amma a kullum sai ya musanya su, ya tara inda ya kamata ya ninka. Na yi faɗa har na gaji. Daga wani uba ɗan kasuwa, Bukuru.

Amsa: Alhaji, a sassauta faɗan, domin ƙa'idoji biyu da aka haddace a mako ɗaya, a kan zane ɗaya, da lambobi iri ɗaya, dole su cakuɗe wa yaro matuƙar bai san abin da kowace take aunawa ba. Ka ɗauke shi zuwa wani fuloti, ko ku zana shi a ƙasa a tsakar gida. Fuloti mai ƙafa 50 a faɗi da ƙafa 100 a tsawo, wanda zai yi masa katanga zai bi ƙafa 300 ne kafin ya dawo inda ya faro, wannan shi ne kewaye. Wanda zai shimfiɗe shi da tayil mai ƙafa ɗaya a kowane gefe kuwa yana buƙatar guda 5,000, wannan shi ne girman fili. Sannan ka tambaye shi fuloti mai 100 da 100. Girmansa murabba'in ƙafa 10,000 ne, wato ya ninka na farko, amma katangarsa ƙafa 400 ce kacal. Yara da yawa, har da manya, suna tsammanin za su ji 600, kuma mamakin da yaro zai yi a nan ya fi bayanin sa'a guda amfani.

Akwai wani gwajin da na fi so. Ka ba shi igiya mai mita 24 ka ɗaure bakunanta, ka ce ya kewaye wurin da za a shuka kabeji mafi yawa. Idan ya yi mita 11 da mita 1, zai sami murabba'in mita 11. Idan ya yi 10 da 2 zai sami 20, 8 da 4 zai ba shi 32, 6 da 6 kuma 36. Igiyar ba ta ƙaru ba, ba ta kuma ragu ba, amma filin da ke cikinta ya ninka fiye da sau uku. Wanda ya ja wannan igiya da hannunsa da wuya ya sake ɗaukar kewaye da girman fili a matsayin abu ɗaya. Rabin da ke cikin ƙa'idar neman girman alwatika ma haka za ka yi masa: ya yanka takarda mai fasalin ƙofa daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ya ɗora ɓari ɗaya a kan ɗaya, ya ga da idonsa inda rabin ya fito. Ka kuma nace masa ya riƙa rubuta ma'auni a bayan kowace amsa, mita ce ko murabba'in mita, domin wannan ɗabi'a kaɗai takan sa yaro ya tsaya ya tambayi kansa abin da yake nema.

Tambaya: Malam, ban daɗe da kammala kwalejin ilimi ba, an ba ni aji shida a wata firamaren gwamnati. Ajin a cike yake, kuma 'yan kaɗan ne suke da gwangwanin kayan lissafi. Yaya zan koyar da kusurwa da da'ira a wannan hali? Daga wata malama, Gangare.

Amsa: Malama, Allah ya taimaka, kuma rashin kayan bai kai yadda yake ba ki tsoro ba. Ki sa kowane yaro ya yanka alwatikar da ya ga dama daga tsohuwar takarda, wani doguwa wani gajeriya, ya yage kusurwoyinta uku ya jera su baki da baki a kan layin littafinsa. Kowa zai ga sun cika miƙaƙƙen layi, wato digiri 180. A nan yawan ajin ma riba ce gare ki, tunda alwatikai masu yawa mabambanta sun ba da amsa ɗaya, ko da yake ya kamata ki gaya musu cewa cikakkiyar hujjar tana jiran su a sakandare.

Da'ira kuma turke da igiya take buƙata. Ki fitar da su filin makaranta, a kafa turke, a ɗaura igiya mai mita 9.15, yaro ɗaya ya ja ta ya zaga yana zana ƙasa da sanda, sun fitar da da'irar tsakiyar filin ƙwallo ke nan, irin wadda suke gani a filin wasa na Rwang Pam. Washegari kowa ya zo da faifai ko murfin tukunya ko gwangwanin madara, ya auna kewayensa da zare, ya gwada zaren a kan faɗinsa ta tsakiya. Kowa zai sami uku da 'yar ɗoriya. Sai bayan sun faɗi haka da bakinsu za ki rubuta 22/7 a allo, ki kuma shaida musu cewa kusantarwa ce kawai, kuma masanin Girka Arkimidis ya nuna fiye da shekara 2,000 da suka wuce cewa ainihin adadin ya ɗan gaza haka. Idan shugaban makaranta ya amince da fita, Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da sashen gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, kuma yara za su ga bakan gizo na gini da ɗakuna masu zagaye a tsaye a gabansu.

Kusurwa mai digiri 90 a babban fili kuwa, dabarar birkiloli za ki ara. A sami igiya mai mita 12, a yi alama a mita 3 da kuma mita 7, a haɗa bakunanta, yara uku su riƙe alamomin biyu da mahaɗar su ja ta ta miƙe sosai. Gefunan za su zama 3 da 4 da 5, kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 kuma za ta fito cif, domin 3 sau 3 (9) da 4 sau 4 (16) sun ba da 25, daidai da 5 sau 5, wato ƙa'idar nan da ake jinginawa ga masanin Girka Fisagoras. Da yawa daga cikin ɗalibanki iyayensu ko yayyensu magina ne, saboda haka ki ce su tambayo a gida yadda ake fitar da kusurwar harsashin gini, su zo su faɗa wa aji. Ki kula dai da irin igiyar da za ki sayo. Wadda take talewa idan an ja ta za ta ɓata miki awon a gaban yara, don haka ki nemi mai tauri, ki bar ɗan rara domin ƙulli, ki kuma gwada ta da ninkakkiyar takarda a gida kafin ranar darasin.