Me Ya Sa Aka Ɗaure Hannayen Baba a Gadon Asibiti?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu yana sashen kulawa ta musamman tun bayan da aka yi masa tiyata, an sa masa na'urar numfashi. Jiya da na shiga sai na tarar an ɗaure hannayensa a jikin gado. Dattijo ne mai kamala, ba mai taɓin hankali ba. Wannan ba wulaƙanci ba ne? Daga wata 'yar'uwa a Gwammaja, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Na san abin da ya zo miki a rai, don mu nan da an ce ɗauri, sai hankali ya tafi kan marin ƙarfe da ake sa wa masu taɓin hankali. Ba shi ba ne.

Robar da kika gani a bakinsa ta zarce har cikin maƙogwaro, kuma akwai 'yar balan-balan a ƙarshenta da ake hurawa don ta zauna daram. Ta nan yake numfashi. Wanda ya farka daga maganin barci ya ji abu a wuyansa, ga shi ba halin magana, abin da hannunsa zai fara nema ke nan. Kafin nas ta juyo daga ɗauko allura ya fizge ta. Zai iya ji wa maƙogwaronsa rauni, iskar jininsa ta faɗi cikin 'yan mintuna, kuma mayar da robar aikin likita ne na gaggawa. Haka robar fitsari: ita ma da balan-balan ɗinta mai ruwa kamar mililita 10, in aka ja ta da ƙarfi sai jini.

Sannan akwai ruɗewar da ke kama majinyata a wannan sashe, musamman tsofaffi. Zazzaɓi, ƙarancin iska, zafin ciwo, magunguna, rashin barci a ɗakin da fitila ba ta mutuwa, duk suna kawo ta. Mutum mai natsuwa sai ya ɗauka a kasuwa yake, ko ya ga nas ya zaci cutar da shi za ta yi. Yawanci in sanadin ya kau, ita ma ta tafi.

Amma ba zan ɓoye miki ba, ɗaurin kansa yana iya ƙara wannan ruɗewar, kuma akwai masu cire robar duk da an ɗaure su. Shi ya sa a wurina ba abin farawa ba ne. A fara duba ciwo, a duba ko mara ta cika, a duba sukari da iska. Wani lokaci kuma, gaskiya, ƙarancin ma'aikata ne: nas ɗaya, gadaje da yawa, dare ya raba.

Kina da haƙƙin tambaya. Ki ce, "Sista, don me aka ɗaure shi, kuma yaushe za a sake dubawa?" Ki lura ko yatsu 2 za su shiga tsakanin ɗaurin da fatarsa, ko an sa auduga, ko yatsunsa sun kumbura ko sun yi sanyi. Ƙa'ida ita ce a riƙa kwancewa ana motsa hannun kamar duk bayan awa 2.

In an bar ki shiga, ki riƙe hannunsa ki gaya masa inda yake, da ranar da ake ciki, da cewa an yi la'asar. Ki kawo masa tabaransa. Sau da yawa in ɗa ko 'ya na zaune a gefe, nas takan yarda ta kwance hannun har ki tashi tafiya.