Raƙuman Ɗantata da kuɗin gwaggonka

Jiya muna tsintar goro ka ce min gwaggonka da abokanka biyu masu tuƙa pragya, wato keke mai ƙafa uku, za su haɗa maka sidi 30,000 ka zuba a goro, kana ba su wani abu tsayayye duk wata. Ka ƙara da cewa, "Maigida, ai Alhassan Ɗantata ma da kuɗin mutane ya tashi." Na yi shiru ne don akwai baƙi a rumfa. Jawo tabarma ka zauna, ɗana.

Gardamar Ɗantata ta girme ka. Tun ina yaron rumfa nake jin dattawan Zangon Kumasi suna yin ta. Wasu su ce ba a taɓa yin bafatake kamarsa ba, wasu su ce Turawa ne suka ɗaga shi, su suka ba shi jari ya saya musu gyaɗa. Kowa da gaskiyarsa a ciki. An haife shi a Bebeji a 1877, cikin Agalawa, mutanen da fatauci ne gadonsu. Mahaifiyarsa ta zauna a Akra, shi kuma ya yi safarar goro daga ƙasar nan ta Ghana. Lokacin da fatake ke cinye watanni da jakai a hanyar Gwanja, yana cikin na farko da suka ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas. Wannan idonsa ne, ba Bature ya ba shi ba. Daga baya ya zama mai saya wa kamfanin Turawa gyaɗa a Kano, ya karɓi kuɗinsu, ya rarraba wa yaransa su shiga ƙauyuka. To, ka yi gaskiya, ya juya kuɗin da ba nasa ba.

Amma duba irin kuɗin. Kamfani ne ya bayar, ya san kakar gyaɗa, ya san sai kaya sun taru zai ga abinsa, kuma in shekara ta ɓaci ba zai kwana da yunwa ba. Gwaggonka fa? Kuɗin adashinta ne na sayar da waake, wato shinkafa da wake. Ran da aka kwantar da jikanta a asibiti, ba ruwanta da cewa goro bai yi kasuwa ba tukuna.

Kowa yana ba da labarin 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, Ɗantata ya kai kayan raƙumi 20 na kuɗin azurfa. Labari ne mai daɗin ji. Ni dai ban taɓa jin an ba da labarin waɗanda suka bi hanya ɗaya da shi, suka karɓi jarin mutane, suka karye, suka ƙare a wani zango suna kunyar komawa gida ba. Wa zai riƙe sunansu?

Bari in ba ka nawa. A 2019 wata bazawara, matar wani aminina da ya rasu, ta kawo min kuɗin marayunta. Na karɓa, na ce mata duk wata ga abin da zan ba ta, kamar yadda kake shirin yi. Na haɗa kuɗinta da nawa a aljihu ɗaya, na sayo goro daga Offinso kusa da Kumasi, aka ɗaure huhuna, mota ta kama hanyar Legas. A watan Agusta Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Goro kuwa ba atamfa ba ne da za ka jibge a shago. Yana son a kwance shi, a tsince, a sauya masa ganyen fita. Kafin a juyo da kayan, sankara, wato ƙwaron goro, ta gama da fiye da rabi. Asarar kaina na iya haɗiye ta, na yi barci. Tata ce ta hana ni runtsawa. Na sayar da filina na biya ta, kuma har yau ban san nawa ne nata ya ɓaci nawa ne nawa ba, don ban raba ba, ban rubuta ba. Laifin nawa ne.

Abin da kuɗin wani ke yi maka ke nan: ya sauya maka hannu. Goron da ya kamata ka riƙe ya zama daushe ka ci ribarsa, sai ka karyar da shi don ƙarshen wata ya zo. Ko ka faɗi sau ɗaya, kunya ta sa ka ɓoye, ka karɓi na wani ka biya na farko. Daga nan ka bar fatauci, ka shiga rufa-rufa. Ka ga Menzgold, kamfanin hada-hadar zinaren nan da ake ba mutane kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari duk wata, har hukuma ta dakatar da su a Satumbar 2018. A Mayun 2019 kuma Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da rance 347. Ko kai mai gaskiya ne, sidi kaɗai ya ishe ka: a 2022 dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta kusa 15. Ka mayar wa mutum adadin da ya ba ka cif, ya ga bai sayi rabin abin da yake saya ba, ya ce ka ci shi.

Malamai sun riga sun gyara mana wannan a babin ƙiradi. Mai kuɗi ya ba da jari, kai ka ba da gumi, a raba riba kashi-kashi, rabi ko sulusi, yadda kuka yarda. Ba a yanke adadi tsayayye. In asara ta zo ba da sakacinka ba, a kan uwar kuɗi take, kai kuma wahalarka ta tafi a banza. Kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Na abokanka, kada ka karɓa. Masu biyan mai keke balas kullum ne, ba za su iya jiran kaka ba, kuma za ka rasa su. Na gwaggonka, kada ya wuce sidi 5,000, a huhun da za ka yi wa alama daban, da littafinsa daban. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan raka ka gidanta da shaidu biyu. Da bakinka za ka gaya mata kuɗin nan na iya tafiya gaba ɗaya, ni kuma ina kallon fuskarta. In ta ɓata rai, mu sha ruwa mu gaishe ta mu taso.