Ɗana yana so ya buga zari-rugar Amurka a cikin zaure: sana'a ce ko ɓata lokaci?

Tambaya: Ɗana ya gama jami'a a Amurka, inda ya buga wa makarantarsa zari-ruga. Ƙungiyoyin NFL, babbar gasar wasan a can, ba su ɗauke shi ba. Yanzu ya ce zai shiga wadda ake bugawa a cikin rufaffen zaure, wai akwai wanda ya bi ta nan ya zama tauraro. Ana cin abinci da wannan wasan kuwa?

Amsa: Alhaji, yaron bai yi maka ƙarya ba. Wanda yake nufi Kurt Warner ne, kuma zan zo kansa. Sai dai bari mu fara da wasan.

Wani ɗan Amurka mai suna Jim Foster ne ya ƙirƙiro shi. A 1981 yana kallon ƙwallon ƙafa ta cikin zaure a Madison Square Garden da ke New York, sai ya zana tsarin a bayan ambulan. A 1987 aka fara gasar Arena Football League da ƙungiyoyi huɗu. Filin yadi 50 ne, rabin na waje, faɗinsa ƙafa 85, kuma mutum takwas-takwas ake bugawa maimakon goma sha ɗaya. Babu ciyawa. Darduma ce aka shimfiɗa a kan daɓen siminti, an kewaye ta da bango mai katifa, 'yan kallo na zaune dab da bangon, har ɗan wasa kan wuntsila ya faɗa cinyarsu. A tsarin waccan gasar, a ƙarshen fili akwai manyan ragogi. Ƙwallo in ta daki raga ta dawo, wasa bai tsaya ba, kowa sai ya yi kanta. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne ƙungiya ta ci maki 60 a dare ɗaya. Shekara da shekaru ma yawancin 'yan wasan su ne masu kai hari, su ne masu tsaron gida, ba hutu, sai a 2007 aka sassauta wannan doka.

To, Warner. Ya fito daga Jami'ar Northern Iowa, babu ƙungiyar NFL da ta zaɓe shi a 1994. Green Bay Packers ta gwada shi, ta sallame shi. Ya koma jera kaya da daddare a kantin Hy-Vee a kan dala biyar da rabi a awa. Daga 1995 zuwa 1997 ya buga wa Iowa Barnstormers, wata ƙungiyar gasar zaure, a matsayin mai jefa ƙwallo, ya kai su wasan ƙarshe sau biyu, duka aka doke su. Abin da zauren ya koya masa shi ne sauri: fili ƙarami, masu kamu na kanka kafin ka ƙifta ido, dole ka saki ƙwallo nan take kuma ta faɗa hannun da ka nufa. St. Louis Rams ta NFL ta ɗauke shi, ta tura shi Amsterdam Admirals, ƙungiyar gasar NFL ta Turai, a 1998. A 1999 mai jefa ƙwallon Rams na farko, Trent Green, ya ji rauni a gwiwa kafin a fara kaka, aka ce Warner ya shiga. A wannan kakar ya zama gwarzon NFL, kuma a Janairun 2000 ya ɗauki kofin Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL, bayan sun doke Tennessee Titans da 23 da 16.

Labari mai daɗi. Amma lura, sai da gwiwar wani ta lalace kafin ƙofarsa ta buɗe, kuma har yau sunansa ake kamawa domin ba a sake yin irinsa ba. In kana son ganin ainihin rayuwar ɗan wasan zaure, dubi Aaron Garcia, wanda ya yi kusan shekara ashirin a ciki, ya yi jifan ci fiye da dubu, ya ɗauki kofi da Jacksonville Sharks a 2011, amma bai taɓa buga wasan gasa a NFL ba. Ko Eddie Brown na Albany Firebirds, da aka zaɓa gwanin gwanayen gasar a 2006. Yau an fi saninsa da mahaifin Antonio Brown, wanda ya yi suna a NFL. Jay Gruden kuwa, bayan kofi huɗu a matsayin ɗan wasan Tampa Bay Storm a gasar zaure, ta hanyar horarwa ya isa NFL, har ya riƙe ƙungiyar Washington daga 2014 zuwa 2019. Wannan hanyar ta koci, a ganina, ta fi waccan faɗi.

Batun kuɗi shi ne inda gizo ke saƙar. An soke kakar 2009 ta Arena Football League ɗungurungum saboda bashi. Da aka dawo a 2010, yawancin 'yan wasa dala 400 ake ba su a kowane wasa, kuma a 2019 gasar ta durƙushe. Indoor Football League, wadda ta fara a 2009, tana nan, amma ita ma 'yan ɗaruruwan daloli ne a wasa, galibi da masauki. Kakar kuma 'yan watanni ce, daga wajen Maris zuwa Agusta. A kunnenmu dala ɗari biyu ko uku kuɗi ne. A can ba ta biyan hayar ɗaki. Don haka za ka tarar da ɗan wasa yana koyarwa a makaranta ko yana horar da mutane a gidan motsa jiki da rana, da yamma ya tafi atisaye.

Da ni ne kai, Alhaji, ba zan hana shi ba. Zan ce ya yi kaka ɗaya ko biyu, ba tare da ya ajiye aikin da takardarsa ta ba shi ba. Kafin ya sa hannu, ya tambaya a rubuce: wa zai biya asibiti in ya karye, kuma ana biyansa in yana jinya? Ya bincika ko ƙungiyar ta biya 'yan wasanta cikakke a bara, don akwai waɗanda suka watse a tsakiyar kaka. In ba ɗan ƙasa ba ne, ya tabbata bizarsa ta halatta masa karɓar kuɗin wasa. Sannan ya riƙa adana bidiyon kowane wasa da ya buga, domin shi masu farautar 'yan wasa na NFL da na gasar Kanada suke fara nema.