Shawarar Lauya: Sau Biyu Ana Tsallake Ni A Ƙarin Girma A Jami'ar Ingila

Dakta, na karanta saƙonki, shekara bakwai kina koyarwa a can Ingila amma sau biyu ana tsallake ki ana ƙara wa turawan da suka same ki a wurin girma, ga shugaban sashe kullum kika buɗe baki a mitin sai ya ce kin cika zafi, har hijabinki bai bari ba. Wallahi abin ya sosa min rai. Kuma ba ke kaɗai ba ce, binciken da Nicola Rollock ta yi wa ƙungiyar malaman jami'a ta UCU a 2019 ya nuna baƙaƙen mata farfesoshi 25 ne kacal a duk Birtaniya.

Toh dokar Equality Act 2010 tana bayanki, ta hana bambanci saboda launin fata ko jinsi ko addini. Sai dai akwai wani giɓi da yake ban haushi, sashe na 14 wanda zai ba ki damar cewa an zalunce ki ne don ke baƙa ce kuma mace a haɗe, har yau ba a fara aiki da shi ba. Shi ya sa jami'a za ta ce ai mun ƙara wa baturiya girma, mun ƙara wa baƙin namiji, ina bambancin? Don haka lauyanki ya shigar da kowanne daban, na fata daban, na jinsi daban, na addini daban.

Abin da ya fi damuna lokaci ne. Ki ƙirga wata uku ba kwana ɗaya daga ranar da aka hana ki ƙarin girman, shi ne wa'adin shigar da ƙara, kuma ƙorafin da kika kai cikin jami'a ba ya tsayar da agogo, da yawa nan suke faɗuwa suna zaman jiran kwamiti. Ki sanar da ACAS, hukumar sasanta rikicin wurin aiki, tukuna, dole ne kafin kotun ma'aikata, wannan ne yake dakatar da lissafin.

Ki adana imel, ki rubuta kwanan wata da waɗanda suke wurin, ki nemi bayanan da suka ajiye a kanki har da takardun kwamitin ƙarin girma, wata ɗaya suke da shi su amsa. In sun huce a kanki don kin yi ƙorafi, sashe na 27 na Equality Act ya mai da shi wani laifin daban. Don Allah kar ki ajiye aiki cikin fushi, ki ga wakilin UCU na jami'arku wannan satin.