Amsa kan yadda bakteriya ke gyara DNA ɗinta idan ya lalace

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kin ce an koya muku cewa hasken UV (ultraviolet, hasken da ido ba ya gani) yana kashe bakteriya ta hanyar lalata DNA ɗinta, sai kuma kika ji cewa wasu suna farfaɗowa bayan an haska su, kina tambaya ko haka ne, kuma me ke yin gyaran. Haka ne ƙwarai. Na daɗe ina aiki a ɗakin gwajin ƙananan halittu, gwajin wannan farfaɗowar kuma yana cikin waɗanda nake shirya wa ɗalibai.

Ki fara riƙe wannan: DNA zare biyu ne a tufke, kowane harafi yana da abokinsa a ɗaya zaren, A da T, G da C. Muddin zare ɗaya yana lafiya, akwai inda za a kwafo abin da ya ɓaci. Yawancin gyaran a kan wannan ya dogara.

Shi UV ba tsinka zaren ya fi yi ba. Manne T biyu da ke maƙwabtaka a zare ɗaya yake yi, sai enzayim (furotin mai gudanar da aiki a cikin ƙwaya) mai kwafar DNA ya iso wurin ya cije. Bakteriyar hanji E. coli tana da wani enzayim, fotolayes, wanda ke hawa kan wurin da ya manne ya zauna. Da haske mai launin shuɗi ya same shi, sai ya yi amfani da ƙarfinsa ya raba T ɗin biyu ba tare da an yanke komai ba. Albert Kelner ne ya gano wannan farfaɗowar a 1949, yana aiki da wata bakteriya mai suna Streptomyces griseus, bayan ya lura cewa waɗanda haske ya samu bayan an haska su da UV sun fi rayuwa.

Ga yadda muke yi. A shafa E. coli a faranti biyu, a cire murfi, domin murfin yana tare UV, a haska su lokaci ɗaya. Ɗaya a naɗe shi da takardar alminiyam nan take, ɗaya a bar shi ƙarƙashin fitila na ɗan lokaci, sannan a sa su a inkubeta, akwatin ɗumi da ake renon ƙwayoyin a ciki. Washegari na fitila ya fi tsiro. Sai dai ɗalibai kan yi mamaki, don wanda aka naɗe ma ba fanko yake fitowa ba. Dalili shi ne akwai gyaran da ba ya buƙatar haske. Wasu furotin ne ke yin sa: UvrA da UvrB suna bin zaren suna neman inda ya karkace, UvrC ya yanka gaba da baya, UvrD ya zare guntun mai harafi 12 ko 13, folimares, wato enzayim mai kwafar DNA, ya cike gurbin yana duba ɗaya zaren, wani enzayim mai suna ligas ya liƙe. In kina son ki ga aikin fotolayes ƙarara, ki nemi irin E. coli da aka lalata wa uvrA, sashen DNA mai samar da UvrA. A nan ne bambancin ke fitowa har ba sai an ƙirga ba. Wannan farfaɗowar ce ta sa masu tace ruwa da UV ba sa wasa da ƙarfin fitila ko tsabtar gilashinta. Hasken da bai kai ba yana barin ɓarnar da za a iya gyarawa, ruwa mai laka kuma yana ɓoye ƙwayoyin.

Akwai ƙananan gyare-gyare da zan wuce da sauri. C yakan rikiɗe da kansa ya zama U, harafin da ba na DNA ba, Tomas Lindahl ya gano enzayim mai tsince shi a 1974. Furotin MutS da MutL da MutH kuma suna gyara kuskuren kwafi. Lindahl da Paul Modrich da Aziz Sancar sun sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2015 kan waɗannan hanyoyin gyara.

Babbar matsala ita ce idan zaren biyu suka tsinke a wuri guda, don babu abokin da za a duba. A E. coli, enzayim RecBCD yana kama bakin da ya tsinke, yana warwarewa yana ci, har ya iso wata alama mai harafi 8 da ake kira Chi. Daga nan sai ya bar zare ɗaya a tsirara ya ɗora masa furotin RecA. RecA ne ke laluben ɗaya kwafin DNA da ke cikin ƙwayar, ya nemo wurin da ya yi daidai, ya cusa zaren ciki a kwafo abin da ya ɓata. Idan babu kwafi na biyu fa? Wasu, kamar ƙwayar tarin fuka, suna da furotin Ku da LigD, masu haɗa bakin biyu kai tsaye ko da wasu haruffa za su salwanta.

Ɓangaren da ya fi damuna shi ne abin da ake kira SOS, wato matakin gaggawa na ƙwayar, wanda Miroslav Radman da Evelyn Witkin suka bayyana. Idan ɓarna ta yi yawa, RecA yana sa wani furotin mai suna LexA ya yanke kansa, sai kusan jinsunan gado (sassan DNA masu samar da furotin) 40 da yake dannewa su buɗe. Ƙwayar ta daina rabuwa. Na sha ganinsu a madubin gwaji sun miƙe zalalo bayan an sa musu siprofuloksasin kaɗan, wani maganin kashe bakteriya mai lalata DNA. In gyaran kirki ya gagara, sai ta fito da folimares na 5, wanda ke tsallake wurin da ya lalace ya sa duk harafin da ya samu. Yawancin kuskuren ba ya amfanar ta, amma wani yakan ba ta juriyar magani. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga ana shan irin wannan magani rabi da rabi ba tare da likita ba. Maganin da bai kai ya kashe ba yana kunna wannan hanyar.

Tunda kina sha'awar abin, ki karanta labarin wata bakteriya mai suna Deinococcus radiodurans. An gano ta a 1956 a Oregon ta Amurka, cikin naman gwangwani da aka haska da gamma, wani haske mai ƙarfi da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi, amma ya lalace. Tana jure gray 5,000 (gray ma'aunin irin wannan hasken ne da jiki ya sha), alhali gray 5 kan iya kashe mutum. DNA ɗinta yana farfashewa gida ɗaruruwa kamar na kowace bakteriya, amma cikin sa'o'i ta harhaɗa shi. Tana riƙe kwafin DNA ɗinta 4 zuwa 10, kuma binciken Michael Daly ya nuna tana tara sinadarin manganis da ke kare furotin ɗinta, don haka enzayim masu gyaran suna nan lafiya lokacin da ake buƙatarsu. Masana da yawa suna ganin ta sami wannan ƙarfi ne daga jure bushewa, domin bushewa ma haka take tsinka zaren biyu.