Sunayen zlib suna leƙowa daga laburarena, ya zan ɓoye su?

Malam in na gane ka, ka cusa zlib (laburaren matse bayanai) cikin laburarenka na .so (irin wanda firogiram ke ɗaukowa lokacin da yake aiki) a Linux, sai ga sunayen fankshan ɗinsa irin su inflate da deflate sun leƙo waje suna karo da wani zlib ɗin da firogiram ɗin ya riga ya ɗauko, abu sai faɗuwa yake.

Fara buga nm -D --defined-only kan fayil ɗin .so ɗin ka ga sunayen da ke fita, za ka sha mamaki wallahi. Sai ka sa -fvisibility=hidden a GCC (manhajar da ke harhaɗa kod ɗinka), sunayen da kake so a gani kaɗai ka ba su visibility("default"). To anan mutane ke shan ƙasa, wannan baya taɓa libz.a, wato fayil ɗin zlib da ka cusa, tunda an riga an harhaɗa shi, shi sai ka ƙara -Wl,--exclude-libs,ALL wajen haɗawa. Ni dai na fi son --version-script, wato wani fayil da za ka jera sunayenka ƙarƙashin global, sauran duk local: * shikenan.

Kar kuma ka manta zlib.h, in ka sa shi cikin hedar (fayil ɗin .h) da kake rabawa kowa zai kwashi sunayen.

Amma in C++ ne kuma kana jefa eksefshan (sanarwar kuskure) zuwa wajen laburaren, kar ka ɓoye ajinsa, catch zai iya kasa kama shi. Wannan kam tuntuɓi wanda ya san ABI (ƙa'idojin yadda harhaɗaɗɗen kod ke magana da juna) sosai kafin ka saki.