Amsa ga Alhaji kan boilar da ke yoyo

Salamu alaikum jama'a, Alhaji barka da dare, na saurari saƙonka, ka ce boilar gidanku, wato na'urar ɗumama gida da ruwa, tana ɗigar kananzir ta wajen famfon mai kuma kana so ka canza robobin da kanka tunda dama kuna shirin komawa man tsirrai. To don Allah ka dakata tukuna.

Wane man za ku saya? Don iri biyu ne, mutane na yawan haɗa su. Akwai FAME, wato bayodizal, shi wannan cin baƙar robar nitril yake, ta kumbura ta yi laushi kamar cingam, ga shi da tsotsar danshi, kuma sai ya tayar da tsohuwar dauɗar da ta kwanta a gindin tanki ta zo ta toshe maka filta ana tsakiyar sanyi. Sai HVO, wato man tsirrai da aka sarrafa da haidurojin, wanda aka gwada a gidajen ƙauyen Kehelland can Cornwall ta Ingila, shi ba ya cin roba, amma fa robar da ta yi shekaru tana shan kananzir ta riga ta kumbura da shi, kana zuba HVO tana iya tsukewa, yoyo ya dawo sabo. Shi ya sa ake sa wata irin roba da ake kira Viton, ta fi tsada amma tana jure duka biyun, ni ita zan ce a sa maka.

Kuma ba roba kaɗai ba ce wallahi. Akwai tiyon mai, akwai nozil, sai an sake saita ƙarfin famfo an auna hayaƙi da na'ura, wani lokacin har idon nan mai gano ko wutar boila na ci sai an canza saboda harshen wutar HVO bai kai na kananzir haske ba.

Mu nan Ayalan ta Arewa bara haka tamu ta yi, na shimfiɗa jarida ƙarƙashin bona, wato sashen boilar da ke ƙona mai, da daddare, da asuba ta jiƙe sharkaf, kicin duk wari. Mai gyaran da ya zo ya duba ya ce robar sandar famfon ce ta mutu, famfon gaba ɗaya ya canza.

Ka nemi mai gyara mai rajistar OFTEC Alhaji, wato ƙungiyar da ke yi wa masu gyaran boilar mai rajista, akwai yara a gidan, iskar nan mai kisa (carbon monoxide) da boila ke fitarwa in ba a saita ta daidai ba, ba ta da wari. Yau dai ka rufe bawul ɗin tanki, ka sa tire a ƙasa, sannan ka ɗauko min hoton lambar da ke jikin bonar ka turo.